Sunan da Ban Kira Ba a Filin Kiɗa

Sevran, ranar Laraba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi miki barka da arziki. Allah ya tsare ki a filin kiɗan nan, ya dawo mini da ke a kan ƙafafunki, na gode masa har ban san iyaka ba. Tun ranar Litinin da kika shigo da jakarki duk taɓo nake cin abinci yana shiga. Jiya ƙanenki Ibro ya dube ni ya ce, "Inna, yau kam kin ƙara tuwo." Na ce masa ya kula da kwanonsa.

Za ki yi mamakin takarda daga wadda bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da naki. Ranar Asabar za ki tashi zuwa Lyon ki kama aiki, ki buɗe ƙofar kanki, ni kuwa akwai maganar da bakina ya kasa ɗauka shekara da shekaru. Na ce bari in gwada biro. Zan ba Ibro ya ajiye miki a kan gado, ki karanta kafin Asabar, kada ki bari sai kin shiga jirgi.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Da guguwar nan ta faɗa muku a wurin festibal, bikin kiɗan da kika je, ta yi ta jifa da tantuna, kin ari wayar ƙawarki kin kira Ibro tun da la'asar. Ya faɗa mini abin da kika ce, kada ki yi faɗa da shi, ni na matsa masa. Kin ce: "Ka aika wa Baba saƙo Yamai ka ce ina lafiya. Inna kam ba sai ka faɗa mata ba, ai ba za ta tambaya ba." Ba ki yi ƙarya ba, ban tambaya ba. Amma ba zan yarda ki bar gidan nan kina zaton ban damu da ke ba. Ina so ki ji yadda aka yi na zama haka, kuma labarin ya faro ne daga irin filin da kika baro.

Ke kina ganin ke kika fara kwanan tanti a gidanmu. To, na riga ki. Kina 'yar shekara biyar, Ibro yana goye, babanki ya ga kasuwar Belleville ta mutu da zafi, kowa ya yi tafiya hutu. Mijin ƙawata Hajiya Tsahara ya ba shi shawara su ɗauki takalman fata da jakunkuna da zobban azurfa su kai wani bikin kiɗan gargajiya a bayan Lyon. Muka cika kamiyonet, 'yar motar kaya, gida biyu, da tabarmi da buhun shinkafa da butoci. Fili ne a bakin kogi, kwana uku ana kiɗa. Akwai masu busa wata algaita mai jakar fata da ake matsewa a hammata, ranar farko na rantse akuya ake zalunta. Tsofaffi da yara suna riƙe da ƙananan yatsun juna suna zagaye, ƙafa tana dukan ƙasa tare. Na tsaya ina taɓe baki, amma zuwa yamma na kama ƙafata tana bin kiɗan a ƙarƙashin zane. Don haka ban taɓa ganin laifinki ba da kike son wuraren nan.

Kuskurena na farko wurin kafa tanti ne. Na hango wata babbar bishiya a gangare kusa da ruwa, ƙasa mai laushi, inuwa har ta yi yawa. Mutumin Damagaram ya ga inuwa kyauta ai ba ya wuce ta. Na ce wa babanki nan za mu sauka. Muna cikin buga turaku sai ga wata tsohuwa Bafaransa daga tantin da ke sama da mu, Madam Odil, kanta fari fat, da gajeren wando. Ta nuna ƙasa da sandarta ta ce, "Madam, nan hanyar ruwa ce. Ku hau sama kaɗan, akwai wuri kusa da ni." Na yi mata murmushi na ce mersi, wato na gode, a raina kuwa na ce tsohuwar da ba ta san ta rufe gwiwarta ba, me za ta koya mini? Na ɗaga kai na dubi gabas, domin a garinmu daga can hadari yake tasowa. Gabas tas take. Na ce wa babanki ya ci gaba da bugu.

Ruwan bai zo ta gabas ba. Ta bayan tudun yamma ya lallaɓo bayan azahar, kafin mu ankara ya sauka, kuma duk ruwan filin nan ta cikin tantinmu ya bi ya tafi kogi. Tabarmi suka yi iyo, takalman babanki na sayarwa suka sha suka ƙoshi, reshe ya karyo ya faɗi taku biyu daga inda na shimfiɗa Ibro da safe. Babanki ya riƙa matse jakunkuna yana kallona, kallon da ya fi faɗa ciwo.

Saboda haka, duk inda kika je, ki kafa tantinki a tudu, ki nisanci gindin bishiya komai daɗin inuwarta. Ki dubi ƙasa ki ga inda ciyawa ta kwanta, nan ruwa ya saba bi. Ki buga turakun duka ko da sama tana da haske. In wanda ya daɗe yana zuwa wuri ya ce miki kada ki yi abu, ki tambaye shi dalili kafin ki ce mersi, ki bar kallon wandonsa.

Kuskure na biyu ya fi ban dariya. Washegari na dafa shinkafa da wake a kan ɗan gas, tukunyar da na yi niyyar ta kai mu har dare, da mai da yaji. Ga wasu samari masu kiɗa a tantin gefe suna zaune, ƙamshi yana kai musu. Kin san ba a buɗe kwano a gaban mutum a yi shiru. Na ɗaga murya na ce musu bismilla da Faransancina, su zo mu ci. A gida in ka faɗi haka, sai a ce maka alhamdulillahi, a ci lafiya, kowa ya fita kunyar kowa. Ɗiyata, sai na ga mutane sun miƙe. Kowa ya shiga tanti ya fito da farantinsa da cokali, har suka kira wasu abokansu daga nesa. Wani dogo mai gemu ya ci ya dawo, ya leƙa tukunya ya tambaye ni ko ƙanzon nan akwai mai shi. Hajiya Tsahara ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Ke Habi, nan ba Damagaram ba ce. Mutanen ga in kin ce su zo, zuwa su kai."

Ban yi asara ba, in faɗi gaskiya. Samarin nan su suka tayar mana da tanti suka mayar tudu kusa da Madam Odil, suka shanya mana tabarmi a kan motarsu, suka kawo burodi da wani cuku mai wari da babanki ya karɓa da godiya ya ajiye nesa da hanci. Ki ciyar da maƙwabtanki na fili, su ne danginki na kwana uku. Ki tambayi abin da ke cikin abin da aka miƙo miki kafin ki kai baki, ba kunya a ciki, kuma kofin da kika ajiye kika juya baya, ki zubar. Sai dai babban darasin ranar ya wuce ni. Mutanen nan abin da aka faɗa shi suke ɗauka, abin da ba a faɗa ba kuma a wurinsu babu shi. A cikinsu kike girma, lakwal ɗinsu kike zuwa karatu, kina ganin iyaye a bakin ƙofa suna rungume 'ya'yansu suna kiran sunansu. Da ina da wayo, da tun a gaban tukunyar nan na gane me shiruna zai zama a kunnenki.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewaye. Ke ce ɗiyata ta fari. Yadda aka rene ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kara ce, kuma ana yaba mace da ita. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Amma ni ban taɓa shakkar ta ba, domin gidanmu cike yake da masu faɗa mini. Kakata tana nan, gwaggonnina suna nan. Su ne za su ja ni gefe su ce, lokacin da kika yi ƙyanda uwarki kwana bakwai ba ta sa komai a bakinta ba. Ni kuma na ɗauko kunyar na hau da ita bene na huɗu a Sevran, na baro masu bayanin a gida. Kika tashi kina jin "ke" da "yarinyar nan" da "yayar Ibro", babu wanda zai ja ki gefe.

Rana ta uku da hantsi muka tafi kallon rawa, ni da Hajiya Tsahara da wasu mata biyu 'yan ƙasarmu da suka zo daga Lyon. Mutane maƙil. Kika miƙo hannu za ki riƙe nawa. Ina tuna shi sarai, kina sanye da riga ruwan ɗorawa mai aljihu. Na ga idon matan nan a kaina, na san za a ce Habi ta zama Baturiya, tana yawo riƙe da ɗiyar fari. Sai na janye hannuna na gyara goyo, na ce, "Ke, bi bayana." Muka kutsa. Da muka fita ɗaya gefen na waiga, babu ke.

Gabana ya faɗi. Kogi yana nan ƙasa, ya cika da ruwan shekaranjiya. Na shiga cikin mutane ina ture su, ina leƙa tsakanin ƙafafu, duk wani abu ruwan ɗorawa sai na bi shi. Amma bakina a rufe yake. Ina so ki fahimci wannan: na buɗe baki ya fi sau goma, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Harshena bai taɓa yin sa ba, bai san hanya ba. Hajiya Tsahara ce take ta ihu, "Saratu! Saratu!" Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Ta juyo ta girgiza ni ta ce, "Habi, mi ya same ki? Kira ɗiyarki mana! Muryarki ta sani, ba tawa ba!" Na dube ta kawai, hawaye ma sun ƙi zuwa.

Muka isa wata rumfa ta masu aikin sa kai, inda ake kai yaran da suka ɓata. Wata budurwa mai jar riga ta ɗauki biro ta tambaye ni ko ni ce uwar, na gyaɗa kai. Ta ce yaya sunan yarinyar, za a faɗa a lasifika. Na juya na dubi Hajiya Tsahara don ta faɗa. Budurwar ta ɗago ta yi mini wani kallo da har yau ban manta ba, kallon wace irin uwa ce wannan. Ashe kina zaune a bayan labulen rumfar, Madam Odil ta tsince ki kusa da masu algaita ta kawo ki, ta saya miki alawa. Kin ji muryata, kin fito da gudu, kin buɗe hannu biyu. Me na yi? Na ce, "Ke, gidan wa kika shiga? Ban ce ki bi bayana ba?" Na tura ki wurin Hajiya Tsahara. Madam Odil ce ta shafa kanki.

Abin da ba ki gani ba, na bar ku a nan na zagaya bayan kamiyonet, na durƙusa na yi amai, na yi kuka har Ibro ya farka a bayana ya taya ni. Na wanke fuska da buta, na dawo na zuba muku abinci kamar ba a yi komai ba. Ban sake yarda mun je wani festibal ba, babanki yana zaton ruwan da ya ci kayansa ne dalili. Na san kin tuna ranar, domin tun daga nan ba ki sake miƙo mini hannu ba.

Shawarata a nan gajera ce. In kun shiga taro, ku fara zaɓar wurin haɗuwa tun kafin kiɗa ya ɗauke hankali, ku riƙe hannun juna a cunkoso, kowa ya ce abin da zai ce. In wani naki ya ɓace miki, ki kira shi da duk ƙarfinki. In kin same shi, ki fara rungume shi, faɗa ya jira.

Da a ce shekaru sun koya mini hankali, da na tsaya a nan. Ba su koya ba. Ranar Asabar da ta wuce ina yankan kuɓewa, sai ga bidiyo a zauren matan unguwa na waya: tantuna suna birgima a fili, mutane suna gudu, an ce wajen Lyon ne, inda kika tafi. Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na kira wayarki a ɓoye a banɗaki, a kashe. Na sake kira, a kashe. Ibro yana falo yana kallon ƙwallo, da labarinki a aljihunsa, taku biyar tsakanina da shi. Na fito na tsaya a bayansa na ce, "Ibro, wai an yi ruwa wajen Lyon?" Ya ce, "Eh, Inna, an yi sosai." Na ce, "To, Allah ya sa na amfani ne." Na koma kicin. Kin ji tambayar da uwarki ta iya.

Haka na wuni Lahadi. Na ƙona shinkafa, na zuba gishiri sau biyu a miya, na yi sallar azahar ban san raka'a nawa na yi ba. Sai da la'asar Ibro ya same ni zaune a ƙasan kicin da wayar a cinya. Ya ce, "Inna, ça va, lafiya? Mi ya faru?" Na ce, "Yayarka." Iyakar abin da ya fito ke nan. Yaron nan ya dafe kai ya ce, "Inna, ai tun jiya ta kira! Lafiyarta lau, batir ɗinta ne ya mutu, suna cikin wani babban ɗakin wasanni da aka kai su. Don mi ba ki tambaye ni ba?" Wallahi ban san lokacin da goshina ya kai ƙasa ba, a kan tayil, ba sallaya, ban ma duba alƙibla ba. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Na yi dariya, na yi kuka, Ibro ya tsorata ya kawo mini ruwa. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka haife ki, domin ranar ma kunya ta hana ni kallon fuskarki da kyau.

Da kika dawo ranar Litinin, na so in tashi in tarye ki. Na ce, "An dawo? Akwai tuwo a kula." Kika ce to, kika wuce ɗaki. Na bi bayanki da kallo, sai na ga abin da ya fi guguwar ba ni tsoro: tafiyata kike yi, shiruna kike yi. Kin tsira daga abin da ya kusa halaka ki, kin shigo gidanku, ba ki ba kowa labari ba. Saratu, kada ki gaji wannan daga wurina. Ki ɗauki girkina, ki ɗauki tsabtata in kina so, wannan kam ki bar mini shi a nan.

Ki je bukukuwanki, ban hana ki ba. Ki tafi da butarki da sallayarki, ki yi sallarki a bakin tanti ba tare da ɓoyo ba, mutanen filin nan na gan su, ba ruwansu. Ki sayi ɗan batirin nan na ajiya, ki rubuta lamba a takarda ki sa a aljihu don ranar da waya za ta mutu. Kafin ki tafi ki faɗi sunan garin da ranar dawowa. In abu ya same ki, mai daɗi ko marar daɗi, ki faɗe shi da baki ga wanda ya kamata, kada ki jira a gane. Kuma in kina lafiya bayan wani tashin hankali, ni za ki fara kira. Zan tambaya. Daga yau zan riƙa tambaya har ki gaji.

Ranar Asabar zan raka ki tasha. Na san kin shirya Ibro kaɗai zai ɗaukar miki akwati, to ki ƙara ni. Na kuma kira Hajiya Tsahara daga Stains na ce ta zo, da gangan, ina so a yi a gabanta. Kwana biyu ke nan ina gwadawa a kicin in ba kowa, ina faɗa wa tukunya. Jiya ya fito da ƙarfi har Ibro ya leƙo yana zaton kin shigo. In kin kama hanyar jirgi, cikin mutane da hayaniya, za ki ji an kira ki daga baya. Wataƙila muryar ta fito a shaƙe, wataƙila ta yi ƙarfi har Turawa su waiga. Ba ki san sunanki a wannan murya ba, shi ya sa nake faɗa miki tun yanzu. Ni ce. Ki juyo.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki shiga garin da ƙafar dama. Ya tsare ki a ɗaki da fili, a ƙarƙashin rufi da ƙarƙashin tanti, ya haɗa ki da maƙwabta na gari, ya kare ki daga ruwa da iska da mugun mutum. Ya yi miki albarka, ya yafe mini abin da na rage ki da shi. Amin.

Wassalam.

Maman Saratu